Ba Kowane Haɓo Ne Na Zafin Rana Ba

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ɗan yi muku bayani a kan haɓo, watau zubar jini ta hanci. Mu a Jimeta mun saba da shi. Da hunturu ƙura takan busar da cikin hanci har ya tsattsage, a watan Maris da Afrilu kuwa zafin kwarin Binuwai yakan sa yara su yi ta haɓo. Irin wannan ba abin tsoro ba ne. Sai a zaunar da yaron, ya sunkuyar da kai, ya matse wajen taushi na hancinsa da yatsu biyu har minti 10, yana numfashi ta baki. Kada a kwantar da shi rigingine, gama jinin zai gangara maƙogwaro ya haɗiye.

Amma akwai wani haɓo dabam, wanda wani ƙari yake kawowa. Likitoci suna kiran ƙarin nan anjiyofaibroma, watau tsiro mai cike da jijiyoyin jini. Kusan samari kaɗai yake kamawa, galibi daga shekara 10 zuwa 20 da 'yan kai, lokacin balaga ke nan. Saboda haka masana suna ganin yana da dangantaka da sinadarin jikin namiji, wanda ke sa murya ta buɗe, gemu ya tsiro. Ba a cika samunsa ba, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani.

Can ƙuryar hanci yake tsirowa, kusa da inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Ba sankara ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Amma kamar yadda saiwar cediya take tsaga katanga, haka yake ture ƙashi a hankali, ya kutsa kumatu ko kwarmin ido, wani lokaci har cikin ƙoƙon kai. Jijiyoyin cikinsa kuwa ba su iya tsukewa in sun fashe, shi ya sa jininsa yake da wuyar tsayawa.

To, yaya malami zai gane? Na fari, ƙofar hanci ɗaya ce take toshewa, wata da watanni, ba mura ba. Na biyu, jinin ta wannan gefen yake zuwa, da yawa, ya tsaya ya sake dawowa, ko da damina. Na uku, yaron yakan yi numfashi ta baki, yana magana ta hanci, yana minshari. Daga baya kunnen gefen nan ya rage ji, kumatu ya kumbura, ko ido ya turo. Ku lura, yaron da ba ya ji sosai, ga kasala don ƙarancin jini, da sauƙi a ɗauke shi malalaci ko mai taurin kai, har a hore shi a kan abin da ba laifinsa ba.

Shawarata ita ce, malami ya riƙa rubuta ranar da yaro ya yi haɓo, da gefen da jinin ya fito. In abin ya yawaita, sai ya sanar da hedimasta da iyaye, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Muna da Asibitin Ƙwararru a nan Jimeta, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola. In aikin yana bukatar wasu na'urori, likita ne zai tura shi gaba, misali Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Likita zai leƙa hancin da wani siririn bututu mai fitila. Sa'an nan a ɗauki hoton kai da na'urar siti-sikan, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, don a ga iyakar inda ƙarin ya kai. Sauran ƙari akan yanko kaɗan a auna, amma wannan likita ba ya yankarsa haka, don gudun ɓallewar jini. To, in likita mai ɗakin tiyata yana tsoron taɓa shi, ina ga wanzami da askarsa? Lalle mu gargaɗi iyaye, kada a sa aska, kada a cusa kome a hancin.

Maganinsa tiyata ce. Inda akwai kayan aiki, kwana 1 ko 2 kafin a yi, akan zura bututu ta jijiyar cinya har zuwa jijiyar da ke ciyar da ƙarin, a toshe ta, don jini ya ragu. In ƙarami ne, ta ƙofar hanci ake fid da shi, ba ko tabo a fuska. In ya girma, aikin ya yi nauyi, sai an tsaga, 'yan'uwa kuma su shirya ba da jini. Wanda ya shige inda wuƙa ba ta kaiwa, akan gasa shi da haske na musamman. Bayan an sallami yaron, lalle ya riƙa komawa a duba shi, gama ƙarin yakan sake tsirowa, musamman a shekarun farko.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ne muke wuni da samarin nan a aji, sau da yawa mu za mu riga iyayensu gani. Ina fata kowannenmu zai tafi da wannan makarantar da aka tura shi.