Ƙarar Fitowa Ba Ta Yanka Igiya: Raddi Ga Masu Auna Wuƙa Da Kunne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tsakanin masu sha'awar wuƙaƙen aljihu na zamani, musamman samarinmu da ke kallon bidiyoyin Amurkawa a waya. Cewa suke yi babu wuƙar da ta kama ƙafar irin wadda ake tura maɓalli da babban yatsa, ruwanta ya yi fit ya fito ta bakin ƙota, a ja maɓallin baya ya sake shigewa. Masu sayar da ita OTF suke ce mata. A wurin waɗannan 'yan'uwa, gwargwadon ƙarfin harbowar wuƙa da ƙarar da take yi, gwargwadon ingancinta. In kuwa aka yi dace doguwa ce, mai kaifi biyu, mai ɗan karen tsada, to magana ta ƙare.

Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, domin ba a banza suka so wuƙar ba. Tana da wata baiwa da sauran wuƙaƙen aljihu ba su da ita: da hannu ɗaya ake buɗe ta, da hannu ɗaya ake rufe ta, kuma yatsa ba ya gittawa ta gaban kaifi ko sau ɗaya. Duk wanda ya taɓa rufe wuƙa mai naɗewa ta datse masa yatsa ya san darajar wannan. Tun da daɗewa ma wuƙaƙe masu buɗe kansu suke biyan buƙatar mai hannu ɗaya a sake. George Schrade, wanda ya kafa kamfaninsa a garin Walden na jihar New York a 1904, manoma da 'yan ƙwadago da mata masu ɗinki yake sayar wa nasa. A Yaƙin Duniya na Biyu an raba wa sojojin laima na Amurka irinsu, domin wanda ya maƙale a bishiya ya iya yanke igiyar laimarsa. Sojojin laima na Jamus kuwa tun 1937 suke da tasu mai fitowa ta gaba, sai dai ita babu sifirin a cikinta, nauyin ruwanta ke zamo da shi. Hatta dokar tarayyar Amurka ta 1958, wadda ta hana shigo da irin waɗannan wuƙaƙe da kai su daga jiha zuwa jiha don ciniki, ta ɗauke wa mai hannu ɗaya: shi an yarje masa ya riƙe wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba.

To ina gizo yake saƙar? A kan batun ƙarfin harbi. Ya kamata mu leƙa cikin ƙotar mu ga abin da ke faruwa.

A irin da aka fi saye, wato mai fita da komawa da maɓalli ɗaya, sifirin da ke ciki a sake yake, ko wuƙar tana rufe ko tana buɗe. Yatsanka ne ke ɗame shi lokacin da kake tura maɓallin. Idan maɓallin ya kusa ƙurewa sai ya kawar da wata 'yar sakata da ke riƙe da ruwan wuƙar, sifirin ya fizge shi. Fizgar ɗaya ce tak, a farkon tafiya. Sauran hanyar da gudun da ya ɗauko yake ƙarasa ta, har sakatar gaba ta cafke shi. Daga nan sifirin ya gama aikinsa, ya koma ya kwanta. Ashe ke nan a lokacin da kake yanka igiya ko kwali, wannan ƙarfi da ake ta yabo ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Abin da ke riƙe da ruwan wuƙar 'yar sakatar nan ce, abin da ke yin yankan kuwa kaifi ne.

Wannan tsari shi ya sa idan ruwan ya ci karo da wani abu kafin ya kai ƙarshe, ko da kwali ne, sai ya tsaya cak ya yi lakwas, shi ba a buɗe ba shi ba a rufe ba, sai an kama shi an ja shi ya koma kan aikinsa. Maƙeran suna lissafa wannan a cikin abubuwan kariya, kuma suna da gaskiya. Abin da ake nunawa a fina-finai, a ɗora wa mutum bakin ƙota a danna ruwan ya shige jikinsa har ƙarshe, aikin masu shirya fim ne. Amma kada wani ya ce zai gwada a tafin hannunsa, tsinin yana huda fata sarai.

Sannan ƙarar nan ba kyauta ba ce, yatsanka ke biyan kuɗinta. Sifirin mai tauri yana nufin maɓalli mai tauri. Akwai wuƙaƙe masu tsada da dattijo, ko mai ciwon gaɓoɓi, ko wanda hannunsa ya jiƙe da gumi ko mai, ba zai iya tura maɓallinsu ba sai ya haɗa da ɗaya hannun. Wuƙar da aka saya domin hannu ɗaya, in ta koma neman hannu biyu, me ya rage na fifikonta?

Wani zai ce ai akwai wadda ke harbawa da gaske. Haka ne. Akwai irin su Halo ta kamfanin Microtech, wadda sifirinta ke ɗame kullum tana rufe, ana danna maɓalli ta fito da ƙarfin da ya fi na waccan nesa ba kusa ba. Sai dai maɓallin ba ya mayar da ita. Sai ka sa ɗaya hannun ka ja wani mariƙi ta baya kafin ruwan ya koma ciki, kuma galibi a kube ake ɗaukarta. Wato wadda ta fi kowace ƙarfin harbi ita ce ta rasa baiwar da muka fara yabawa. Wannan kaɗai ya isa mai tunani ya sake duba ma'auninsa.

Akwai kuma masu kama tsinin wuƙar su girgiza, da sun ji ɗan motsi sai su ce jabu ce. Su ma sun yi gaggawa. Ruwan da zai zame cikin ƙota da fizga ɗaya dole a bar masa 'yar rata, in aka matse shi ba zai kai ƙarshe ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ultratech ta Microtech, kamfanin da Anthony Marfione ya kafa a 1994, tana ɗan motsi alhali kuɗinta na kai-kawo wajen dala 300. Infidel ta kamfanin Benchmade da ke jihar Oregon ta fi ta tsada, ita ma tana yi. Wasu maƙera biyu, uba da ɗa, Grant da Gavin Hawk na jihar Idaho, sun ƙera wata mai suna Deadlock da ta magance wannan motsi, amma kuɗinta yakan haura dala 1,000. Abin dubawa shi ne ko sakatar na sakin ruwan idan an danna shi da ƙarfi. Ko mai kyan ma ba a yi ta don ɓanɓare murfin gwangwanin fenti ko sassaƙa itace ba. A wajen juriya, ƙaramar wuƙa mai kube ta mahauci ta fi ta, komai tsadarta.

Batun kaifi biyu kuwa, kyan gani ne ke jan mutane. Ruwan irin wannan wuƙa siriri ne tun farko, domin dole ya shige cikin ƙota tare da sifirin da sakatu. In aka raba wannan ɗan faɗin gida biyu aka fitar da kaifi ta kowane gefe, sai kaurin ƙarfen ya taru a tsakiya, kowane kaifi ya zama gajere mai kauri, yana tsaga abu maimakon ya ratsa shi. Ba ka da wurin ɗora yatsa ka danna, ga wasa kaifi biyu maimakon ɗaya. An tsara wannan siffa domin suka, mai ɗaukar wuƙa kullum kuwa kwali yake buɗewa, igiya yake yankewa, zare yake datsewa. Mai kaifi ɗaya, inci 3 ko da 'yar ɗoriya, ta fi masa amfani ta kowace fuska. Opinel lamba 8 ta Faransa, mai ƙotar katako, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na Ultratech ba, za ta fere lemo ta yanka albasa fiye da kowace OTF mai kaifi biyu, saboda ruwanta falle ne. Saurin buɗewa ma ya daina zama na OTF ita kaɗai tun 1981, lokacin da kamfanin Spyderco ya fito da wuƙa mai naɗewa da rami a jikin ruwanta, ana sa babban yatsa a buɗe ta da hannu ɗaya.

Sunan ƙarfe ba zan daɗe a kansa ba. M390 na kamfanin Böhler na ƙasar Ostiriya yana daɗewa bai dakushe ba kuma ba ya saurin tsatsa. D2, wanda aka san Infidel da shi, yana riƙe kaifi amma yakan yi tsatsa in an bar shi da danshi. MagnaCut, wanda Larrin Thomas ya haɗa aka fara sayarwa a 2021, ya haɗa riƙe kaifi da juriya da ƙin tsatsa. Duka ukun sun wadatar. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa zai wasa maka ranar da ta dakushe. Irin waɗannan ƙarafa dutsen wasa mai garin daimon suke so. In ka kai wa mai wasa da inji a kasuwa, zafin dutsen zai iya ƙona bakin ƙarfen, kaifin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi ke nan.

Inda na fi so mu tsaya shi ne datti, domin nan ne wuƙar nan take da rauni, kuma nan ne bidiyon talla ba ya zuwa. Ƙotarta rufaffen akwati ne mai baki ɗaya. Duk abin da ya manne a ruwan wuƙar, da ka ja maɓalli ya bi shi ciki: danƙon salatif na jikin kwali, ruwan mangwaro, kitsen nama, ɓurɓushin auduga na aljihu. Tunda kuwa da gudu kawai ruwan ke ƙarasa tafiyarsa, ɗan danƙo kaɗan ya isa ya tsayar da shi a rabin hanya. Wuƙa mai naɗewa a buɗe take ta gefe, ka wanke ta a famfo ka shanya. OTF kuwa sai an fesa mata abin wanke ƙarfe an hure ta da iska mai ƙarfi, wasu kamfanonin ma suna soke garanti in ka kwance ta da kanka. Man shafawa mai kauri irin na inji ba ya yi mata, ƙura yake tarawa ya zama laka. Ɗigo ɗaya na mai marar kauri ya wadatar. Yanzu mai karatu ya ƙiyasta wuƙar da aka ƙera da aljihun Ba'amurke a rai, ta kwana uku a aljihun ɗan acaɓa a Zinder ko Gashuwa cikin hunturu. Kuma ni dai ba zan yanka abin da zan kai baki da ruwan da ke kwana a ramin da ba na iya gani ba.

Saboda haka wanda ya dage sai ya saya, ya gwada ta da hannun da zai riƙa aiki da shi. Ya buɗe ya rufe har yatsa ya gaya masa gaskiya. Ya ɗaga bakinta sama ya harba, ya sunkuyar da shi ƙasa ya mayar, domin a nan raunin sifirin ko kaushin hanya ke bayyana. Ya shafa bakin ƙota tana rufe ya tabbatar tsini bai leƙo ba. Ya tambayi wa ke gyara in sifirin ya tsinke, domin yana tsinkewa. Ya kuma yi hattara da jabu: kasuwannin intanet cike suke da kwaikwayon Ultratech har da tambari, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ta ainihi ƙotarta alminiyam ce da aka sassaƙa da inji, jabun kuwa sau da yawa tutiya ce aka narka aka zuba, ga nauyi ga saurin zaizayewa a daidai inda sakata ke zama. Abin takaicin shi ne jabun ma tana ƙara, wani lokaci har ta fi ta ainihi. Mai auna wuƙa da kunne shi ne abokin cinikin da mai jabu ke addu'ar samu.

Saura doka, wadda ya kamata a fara da ita kafin a taɓa aljihu. Baƙin jinin wannan wuƙa ya samo asali ne daga Amurka ta shekarun 1950, lokacin da jaridu da fina-finai suka liƙa ta da 'yan iskan gari. Daga baya jihohi da yawa sun janye haramcin: New Hampshire a 2010, Texas a 2013, Pennsylvania daga farkon 2023, a Massachusetts kuwa babbar kotun jiha ce ta rushe shi a 2024. Duk da haka California ba ta yarda a ɗauki wadda ruwanta ya kai inci 2 ba, kuma a wasu wurare mai kaifi biyu tana faɗawa ƙarƙashin wata dokar daban mai tsanani. Ingila ta haramta sayar da ita tun 1959, dokar 2019 kuma ta kai haramcin har ga ajiye ta a cikin gida. Kanada ta sa ta cikin haramtattun makamai, Jamus ma ta hana mai fitowa ta gaba. A gida kuwa, wanda ya san yadda 'yan sanda ke farautar 'yan daba a Kano da 'yan sara-suka a Bauchi ya san irin kallon da za a yi wa saurayin da aka laluba aljihunsa aka sami wuƙa mai harbo kanta, ko da buhun siminti yake buɗewa da ita.

Ɗan'uwana da ke Houston, in aikinka na hawa tsani ne ko jan waya, hannu ɗaya kullum a riƙe da wani abu, sayi mai kaifi ɗaya da maɓalli mai laushi, za ta yi maka amfani. Wanda ke Landan ko Toronto ko Berlin kuwa, don Allah kada ka yi odarta.