Idan hasumiya ta yi shiru: yadda ake gano matsalar manhajar kula da jirage a simuleta

Mutum ya ɓata kusan rabin awa yana shirya jirginsa a kwamfuta. Ya zuba mai, ya shigar da hanya, ya saita rediyo, ya danna maɓalli ya nemi izinin tashi. Shiru kake ji. Ko kuma a amsa masa amma a tura shi titin da babu shi a filin, ko yana tafiyarsa lafiya lau a sama a dinga yi masa faɗa wai ya kauce daga tsayin da aka ba shi. Masu tuƙin jirgi na kwaikwayo a gida sun san wannan takaici, kuma abin da yawancinsu ke fara yi shi ne goge manhajar su sake sakawa. Sau da yawa wahalar banza ce, domin ba a nan gizo ke saƙar ba.

Microsoft Flight Simulator (MSFS) ya fito tun 1982, kuma daga bugunsa na Flight Simulator 2002 yana zuwa da nasa ma'aikacin hasumiya. Sai dai wannan ma'aikaci bai cika bin ƙa'idar da ake bi a filayen gaske ba, shi ya sa aka samu manhajojin ƙari irin su Radar Contact, PF3, Pro-ATC/X da Pilot2ATC, sannan na baya-bayan nan kamar BeyondATC da SayIntentions. Akwai kuma VATSIM da IVAO, inda mutane masu rai ke zama a gidajensu suna ba da umarni ta intanet.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, irin wannan manhaja ba ta ganin jirginka. Yawanci a wajen simuletan take zaune, tana jiran a kawo mata lambobi: ina jirgin yake, nawa ne tsayinsa, wace mita rediyonsa ke kai. Ɗan aike ne ke kai da kawowa a tsakaninsu. A ɓangaren Microsoft sunansa SimConnect, wanda ya zo da bugun simuletan mai suna FSX a 2006, ko kuma FSUIPC na Pete Dowson. A simuletan X-Plane wasu na amfani da XPUIPC. Kusan duk wata matsala ɗayan biyu ce: ko ɗan aiken bai isa ba, ko ya isa amma abin da simuletan ya sani da abin da manhajar ta sani sun sha bamban.

Ta farkon ta fi sauƙi. Idan manhajar ta ce ba ta ga simuleta ba, a duba ko FSUIPC ɗin da aka saka shi ne daidai, domin na 4 na FSX ne, na 7 kuma na MSFS na 2020, ba sa maye gurbin juna. A duba matsayin izini a Windows: in an buɗe ɗaya da ikon mai gudanarwa, ɗayan kuma haka kawai, suna iya ƙin jin juna. A buɗe su duka a matsayi ɗaya. Manhajar kare kwamfuta daga cuta ma takan tare hanya ba tare da ta faɗa ba. In kuma jiya komai lafiya yau ya tsaya, a tambaya ko simuletan ya sabunta kansa cikin dare. In haka ne, sai haƙuri har masu manhajar su fitar da gyara.

Ta biyun ce ke cin lokaci. Bayanan zirga-zirgar jiragen sama na duniya, wato sunayen mahaɗun hanya, hanyoyin fita da shiga filaye da mitocin rediyo, ana sabunta su duk kwana 28 a tsarin da ake kira AIRAC. Kowane zagaye da lambarsa: 2401 na nufin na farko a 2024. A kwamfutar mutum ɗaya waɗannan bayanai na iya zama a wuri huɗu: cikin simuletan, cikin kwamfutar jirgin kansa in jirgi ne mai zaman kansa irin na PMDG ko Fenix, cikin manhajar hasumiya, sannan a SimBrief inda aka tsara tafiyar. In ɗaya ya tsufa, za a ba ka hanyar sauka da jirginka bai taɓa jin sunanta ba. Masu biyan kuɗin Navigraph, mai samar da waɗannan bayanai, suna sabunta duka huɗun a tashi ɗaya. Wanda ba ya biya ma ba lallai ya damu da sabon zagaye ba, ni a ganina daidaito ya fi sabunta muhimmanci. Huɗu tsofaffi iri ɗaya sun fi uku sababbi da ɗaya tsoho.

Har lambar titin jirgi canzawa take yi. Ana sa wa titi lamba ne bisa alƙiblar maganaɗisu, ita kuwa tana gusawa a hankali da shekaru. A 2009 filin Stansted na Landan ya mai da titinsa daga 05/23 zuwa 04/22. Mai amfani da FSX, wanda bayanansa suka girmi wannan sauyi, zai ji ana kiran 22 alhali fentin da ke gabansa 23 ne. Haka kuma wanda ya sayi sabon fili ya saka, amma bai sake gina kundin titunan manhajar ba. Tsofaffin manhajoji irin Radar Contact sun dogara ne da wata 'yar manhaja mai suna MakeRwys, kuma sai an sake gudanar da ita duk lokacin da aka ƙara fili. Mutane da yawa na mantawa.

Faɗan tsayi kuwa kusan kullum daga ma'aunin tsayi yake. Na'urar da nauyin iska take lissafi, kuma bambancin hektofaskal 10 kan jawo kuskuren kusan ƙafa 300, wanda ya isa a fara kiran sunanka. A ƙasa-ƙasa ana saita ta da nauyin iskar filin, in an haura wani tsayi kowa ya koma 1013, ko 29.92 a lissafin Amurka. Wannan tsayi ƙafa 18,000 ne a Amurka, a sararin Landan kuwa 6,000. In manhajar na bin na Amurka kai kana bin na Turai, kowa na da gaskiya kuma rigima ba za ta ƙare ba. Yanayi ma haka: idan simuletan na amfani da iskar manhajar yanayi ta Active Sky, manhajar kuma na ɗebo nata rahoton daga intanet, za a sauke ka ta wannan kai, sauran jiragen na tahowa ta wancan. A kuma kashe ma'aikacin hasumiya na asali da mataimakin da ke amsa rediyo da kansa, kada shugabanni su zama biyu.

Mitar rediyo na da nata tarkon. Turai ta raba tazarar kilohaz 25 gida uku, ta koma 8.33 tun daga 1999 a manyan tsayi, don haka akwai mitocin da tsohon rediyon jirgi ba ya iya kamawa ko kaɗan. FSX kuma yana yanke lambar ƙarshe, 118.025 ta fito 118.02. Wasu jirage masu sarƙaƙiya ma nasu rediyon na ciki daban yake, abin da ke kan allonsu bai kai ga ɗan aiken ba.

Sai murya. Wasu manhajojin da injin gane magana na Windows suke aiki, kuma suna so ya kasance na Turanci. Mai Windows na Faransanci, kamar wasu 'yan'uwanmu na Nijar, yana da ƙarin abin dubawa: tsarinsa waƙafi yake sawa a inda Turanci ke sa ɗigo cikin lamba, kuma akwai manhajojin da wannan kaɗai ke rikitawa. A tabbatar makirufon da aka zaɓa shi ne wanda ke baki, ba na kyamara ba, a kashe fanka in tana hura shi, sannan a faɗi jimlar yadda littafin manhajar ya tsara, ba ƙari ba ragi.

In duk an duba ba a ga bakin zaren ba, a MSFS sai a kwashe abin da ke foldar Community gaba ɗaya a ajiye gefe, a gwada da jirgin asali a filin asali. In ya yi aiki, a mayar da rabi, a sake gwadawa, a ci gaba da rabawa har mai laifin ya fito. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. A X-Plane akwai fayil mai suna Log.txt da ke rubuta duk abin da ya faru, amma sabo yake farawa duk lokacin da aka buɗe simuletan, saboda haka a kwafe shi tun kafin a sake kunnawa. Shi za a tura wa masu manhajar, tare da sunan jirgi, filin tashi da na sauka, da lambar zagayen AIRAC.