Ciwon Ɓarin Kai da Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Bayyana

1.0 Gabatarwa

Kusan babu mutumin da bai taɓa ɗanɗana ciwon kai ba, sai dai ciwon kai iri-iri ne. Akwai wani nau'i da Hausawa suke kira ciwon ɓarin kai, wanda kan kwantar da mutum wuni guda ko fiye, ya tafi, sannan ya dawo bayan wani lokaci. Da yake ba ya barin rauni ko kumburin da ido zai gani, sau da yawa akan ɗauki mai fama da shi a matsayin raggo ko mai raki. Wannan darasi zai yi bayani a kan abin da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka bayyana game da wannan ciwo, da kuma iyakar abin da hoton zai iya tabbatarwa.

2.0 Ma'anar Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai shi ne ciwon kai mai zuwa lokaci-lokaci, wanda galibi yakan kama ɓangare ɗaya na kai, yana bugawa kamar bugun zuciya. Yakan zo da tashin zuciya ko amai, da ƙin haske da ƙin ƙara, kuma motsi kamar tafiya ko hawan bene yakan tsananta shi. Idan ba a sha magani ba, yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 a jikin babba. A jikin yara kuwa yakan fi gajarta, kuma yakan kama ɓangarorin kai biyu.

Ciwo ne daɗaɗɗe. Galen, likitan Girkawa na ƙarni na 2 Miladiyya, ya ba shi suna mai ma'anar rabin ƙoƙon kai, Larabawa kuma suna kiransa shaƙiƙa. A yau fiye da mutum biliyan ɗaya ne suke fama da shi a duniya, kuma bayan balaga mata sun ninka maza kusan sau uku. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sukan ga wata alama kafin ya sauka, wadda likitoci suke kira ora. Mutum yakan ga ƙyalƙyali ko zane mai lanƙwashe-lanƙwashe yana faɗaɗa a gabansa, ko wani yanki na ganinsa ya dushe, na tsawon minti 5 zuwa 60.

3.0 Sassan Kai da Ciwon Ya Shafa

Kafin a fahimci hoto, wajibi ne a san abin da ake ɗaukar hotonsa. Sassan da suka fi muhimmanci su ne:

(a) Ɓawon ƙwaƙwalwa: shimfiɗa ce mai launin toka da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kaurinta milimita 2 zuwa 4. A nan ake sarrafa gani da ji da motsi da tunani. Yankin da yake kula da gani yana ta wajen ƙeya.

(b) Farin sashe: yana ƙarƙashin ɓawon, kuma tarin zaruruwa ne masu kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan, kamar wayoyin lantarki.

(c) Kututturen ƙwaƙwalwa: shi ne ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Yana kula da numfashi da bugun zuciya, yana kuma tace saƙon zafi.

(d) Haifotalamas: ɗan ƙaramin sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa mai daidaita barci da yunwa da ƙishirwa da ɗumin jiki.

(e) Tantanin ƙwaƙwalwa da jijiya ta biyar: ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Zafin yana fitowa ne daga tantanin da ya naɗe ta da jijiyoyin jinin da suke cikinsa. Mai ɗaukar wannan saƙo ita ce ta biyar daga cikin jijiyoyin saƙo 12 da suke fita ta kowane gefen kai, kuma tana da rassa uku: na goshi da ido, na muƙamuƙin sama, da na muƙamuƙin ƙasa. Wannan ne ya sa ake yawan jin ciwon a goshi da bayan ido.

4.0 Na'urorin Ɗaukar Hoton Ƙwaƙwalwa

Na'urorin sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne masu nuna siffar ƙwaƙwalwa. Daga cikinsu akwai na'urar CT, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a shekarar 1971, da na'urar MRI, wadda take amfani da ƙarfin maganaɗisu, kuma ta fi fito da sassa masu laushi ɓaro-ɓaro. Kashi na biyu su ne masu nuna aikin ƙwaƙwalwa, wato PET da fMRI. Hikimarsu ita ce, duk yankin da yake cikin aiki yakan ja jini fiye da na kusa da shi, saboda haka bin sawun jini yakan nuna inda aiki yake gudana. Kashi na farko tamkar taswirar gari ne, na biyu kuwa tamkar kallon zirga-zirgar mutanen garin ne.

5.0 Abin da Hoto Ya Nuna Lokacin Ciwon

Tun wajen shekarun 1940, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne na likitan Amurka Harold Wolff, wanda ya ce buɗewar jijiyoyin jini na kai ce take haddasa ciwon. Hoto ya sa an sake duba wannan ra'ayi mataki-mataki.

5.1 Kafin Ciwon Ya Sauka

Masu ciwon da yawa sukan ji canji a jikinsu awoyi ko kwana guda kafin kai ya fara sara, kamar yawan hamma, kasala, kwaɗayin wani abinci, ko ƙagewar wuya. A shekarar 2016, Laura Schulte da Arne May na birnin Hambug a Jamus suka wallafa sakamakon ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar wata mata kullum har kwana 30, wanda a cikinsu ciwon ya tasar mata sau uku. Sun ga cewa aikin haifotalamas yakan ƙaru a cikin awa 24 kafin zafin ya fara. Ma'ana, ciwon yana somawa a cikin ƙwaƙwalwa tun kafin mai shi ya ji shi.

5.2 Lokacin Ora

A shekarar 1941, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Karl Lashley ya riƙa zana yadda ƙyalƙyalin da yake gani yake faɗaɗa, ya ƙiyasta cewa akwai wani abu da yake ratsa yankin gani na ƙwaƙwalwarsa da saurin kusan milimita 3 a minti ɗaya. A 1944 kuma Aristides Leão, ɗan ƙasar Birazil, ya gano a ƙwaƙwalwar zomaye wata igiyar lantarki mai tafiyar hawainiya, wadda kan zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannan ta bar su shiru na ɗan lokaci, kamar yadda wutar daji take ci ta bar toka a bayanta. An daɗe ana zaton abubuwan nan biyu ɗaya ne. A shekarar 2001, Nouchine Hadjikhani da abokan aikinta a Boston ta Amurka suka ɗauki hoton mutane uku da fMRI suna cikin ora, suka ga canji yana ratsa yankin gani da saurin kusan milimita 3.5 a minti, daidai da yadda ƙyalƙyalin yake tafiya a idon mai ciwon.

5.3 Lokacin Zafin Kai

A shekarar 1995, Cornelius Weiller da abokan aikinsa a birnin Essen na Jamus suka yi amfani da PET a kan mutum tara da ciwon ya kama. Sun ga wani yanki na kututturen ƙwaƙwalwa yana cikin aiki sosai, kuma bai lafa ba ko bayan an yi musu allurar da ta kawar da zafin. A 2013 kuma wasu masana a Kopenhagen ta ƙasar Denmak suka auna faɗin jijiyoyin jinin kai na mata 19 suna tsakiyar ciwon. Jijiyoyin da suke wajen ƙoƙon kai ba su buɗe ba, na ciki kuwa kaɗan suka buɗe. Don haka a yau masana sun fi karkata ga cewa asalin ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo, jijiyoyin jini kuma abokan tafiya ne.

6.0 Abin da Hoto Ya Nuna Game da Siffar Ƙwaƙwalwa

6.1 Fararen Ɗige-ɗige

A hoton MRI na wasu masu ciwon akan ga ƙananan ɗige-ɗige farare a cikin farin sashe. Wani bincike da aka wallafa daga ƙasar Holan a 2004 ya kwatanta masu ciwon 295 da marasa shi 140. An sami ɗigon ya fi yawa ga matan da suke da ciwon, an kuma sami ƙananan tabo a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, musamman ga masu ora da ciwon yake yawan tasar musu. Bayan kimanin shekara tara aka sake ɗaukar hoton mafi yawansu, aka wallafa sakamakon a 2012. Ɗigon ya ƙaru ga kashi 77 cikin ɗari na mata masu ciwon, da kashi 60 cikin ɗari na mata marasa shi. Muhimmin abin lura shi ne, ƙaruwar ɗigon ga masu ciwon ba ta zo da raguwar basira ko ƙarfin tunani ba. Haka kuma, wani bincike a kan tagwaye mata a Denmak a 2016 bai sami wani bambanci na ɗigon tsakanin masu ora da marasa ciwon ba.

6.2 Kaurin Ɓawon Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2007, Alexandre DaSilva da abokan aikinsa a Boston suka kwatanta masu ciwon 24 da lafiyayyu 12. Sun tarar cewa yankin ɓawon da yake karɓar saƙon taɓawa da zafi ya fi kauri ga masu ciwon da kimanin kashi 21 cikin ɗari, musamman ɓangaren da yake kula da kai da fuska. Sai dai wasu bincike da suka biyo baya ba su sami irin wannan bambanci ba. Masana sun kawo fassara biyu. Wasu suna ganin mutum yana zuwa duniya da irin wannan ƙwaƙwalwa ne, domin ciwon yana bin jini a dangi. Wasu kuma suna ganin yawan saƙon zafi ne yake sauya ta a hankali, kamar yadda riƙon fartanya yake sa kanta a hannun manomi.

7.0 Iyakar Abin da Hoto Zai Iya Tabbatarwa

Duk bambance-bambancen da aka ambata an gano su ne ta hanyar kwatanta rukuni da rukuni. Idan aka ɗauki hoton mutum ɗaya, likita ba zai iya dubawa ya ce wannan yana da ciwon ɓarin kai ba, domin mafi yawan masu ciwon hotonsu lafiya lau yake fitowa, kuma fararen ɗigon kan bayyana ga tsofaffi da masu hawan jini ko da ba su da ciwon. Saboda haka, da bayanin majinyaci da gwajin jiki likita yake gane ciwon. Ga wanda alamunsa suka dace da ciwon ɓarin kai kuma gwajin jikinsa ya fito daidai, kusan mutum biyu ne kacal cikin dubu hoto yake nuna musu wata babbar matsala.

Amfanin hoto shi ne kawar da zaton wata cuta dabam. Wajibi ne a gaggauta zuwa asibiti idan ciwon kai ya sauka farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya fara bayan shekara 50, ko ya biyo bayan buguwa a kai, ko ya zo da farfaɗiya, shanyewar wata gaɓa, ko ruɗewar tunani. Haka nan ciwon kai da ya haɗu da zazzaɓi da sandarewar wuya yana iya zama sanƙarau, cutar da aka sani ƙwarai a ƙasar Hausa lokacin rani da bazara, wadda jinkirin awoyi kaɗan kan iya jawo asarar rai.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ciwon ɓarin kai lalura ce ta ƙwaƙwalwa mai matakai, wadda takan soma daga haifotalamas, ta shafi ɓawon ƙwaƙwalwa da kututturenta, sannan jijiya ta biyar ta isar da zafin. An kuma ga cewa 'yan bambance-bambancen da hoto yake nunawa a siffar ƙwaƙwalwa ba su nuna cewa basira tana raguwa ba. Wannan sani yana da amfani ga malami. Ɗalibin da yakan kifa kansa a kan tebur lokaci-lokaci, yana kare idonsa daga hasken taga, yana kukan tashin zuciya, mai yiwuwa ba lalaci ne yake damunsa ba. Abin da ya dace shi ne a ba shi wuri mai duhu da shiru ya huta, a sanar da iyayensa domin su kai shi ga likita, kuma kada a yanke masa hukuncin daƙiƙanci saboda darussan da ciwon ya hana shi halarta.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi huɗu da ake gane ciwon ɓarin kai da su.
2. Mene ne bambanci tsakanin na'urorin da suke nuna siffar ƙwaƙwalwa da masu nuna aikinta?
3. Yi bayanin yadda binciken shekarar 2001 ya ƙarfafa ƙiyasin Lashley.
4. Me ya sa hoton mutum ɗaya ba ya isa a tabbatar da ciwon ɓarin kai?
5. Lissafa alamomi uku da suke wajabta gaggawar zuwa asibiti.