"Masassara ce": Abin da ma'aikata ke faɗa wa shugabanninsu idan damuwa ta yi musu yawa

Idan ma'aikaci a Maraɗi ko Yamai ya kwana uku barci ya ƙi zuwa, gaba na faɗuwa, tunani ya hana shi sakat, da wuya ya shiga biro ya faɗa wa shugabansa haka. Cewa zai yi masassara ce ta kama shi. Masassara kowa ya san ta, za a ce Allah ya sawwaƙe, a ba shi kwana biyu. Damuwa kuwa, da an ambace ta sai kallon da ake yi wa mutum ya canza.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. A bakin mutane da yawa, duk ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa sunansa ɗaya: hauka. A Yamai, ambaton Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, ya isa a yi wa mutum ba'a. Wanda aka ji ya je can, ko da rashin barci ne ya kai shi, yana tsoron a daina ba shi amanar kuɗi ko makullin sito, maganar kuma ta isa gidan da yake neman aure.

Sai batun abinci. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun watan Janairun 2024, masu jiran gurbin kuma suna da yawa. Malamin makaranta ɗan kwantaragi, ko yaron shagon da ba shi da wata takarda tsakaninsa da mai gidansa, ya san cewa in ya ce ba ya iya jurewa, gobe wani ne zai tsaya a wurinsa. Gum da bakin da yake yi lissafi ne, kuma a gaskiya da wuya a ga laifinsa.

Alhali doka ta san da matsalar. Kundin dokar aiki na 2012 ya sanya matsin tunani cikin sababbin haɗurran da ke barazana ga lafiyar ma'aikata, tare da taba, giya, ƙwayoyi da cutar Sida, ya kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin wayar da kai da tallafa wa ma'aikatansa. Sai dai akasarin matasa a kasuwa, gareji da kan babur suke neman na kansu, inda sufetan aiki ba ya leƙawa.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara a duniya saboda ciwon damuwa da fargaba. Namu kason ana rubuta shi da sunan masassara.

Abin da aka kasa faɗa a biro, wani lokaci yana fitowa a fada, wajen shayi na uku, in an rage mutum biyu. Wasu su nufi malam a yi ruƙiyya, wasu su fara Tramol don jiki ya ɗauki aiki, daga nan wata matsalar ta hau kan ta farko.

'Yan ci-rani a Libiya da Aljeriya nasu ya fi tsanani. Babu takardu, babu shugaban da za a kai wa kuka, ga gida ana jiran aike. Idan uwa ta kira ta WhatsApp ta tambayi aiki, amsar ba ta wuce "da godiya".