Daga Tauraro Zuwa Mabuɗi: Nazari a Kan Fastocin Zaɓe da Siyasar Malam Aminu Kano

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin siyasa na ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga waƙa, kuma ba su yi laifi ba, domin waƙoƙin irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun taka muhimmiyar rawa wajen wayar da kan talakawa. Sai dai akwai wani nau'in saƙo da aka yi wa riƙon sakainar kashi, watau takardar nan da ake mannawa a bango lokacin neman ƙuri'a, wadda jama'a ke kira fasta. Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi fasta: alamar jam'iyya, da hoton ɗan takara, da taken da magoya baya ke amsawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda nauyin saƙo ya riƙa sauya mazauni a tsakanin waɗannan abubuwa uku, ta hanyar bin sawun siyasar Malam Aminu Kano a birnin da aka haife shi.

2.0 Zamanin Alama

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Ya koyar a Bauci da Maru, sa'an nan ya ajiye aikin malanta a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ranar 8 ga watan Agusta. A 1953 ya zama shugabanta.

Wajibi ne mai nazari ya tuna da halin da mai zaɓe yake ciki a wancan lokaci. Mutanen birni da yawa sun iya karatun ajami, amma masu ilimin boko 'yan ƙalilan ne. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara akwatinsa daban, an manna masa alamar jam'iyyarsa, mai zaɓe ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙuri'a a akwatin da ya ga dama. Ashe ke nan babban aikin fasta shi ne ta koya wa ido alama tun kafin ranar zaɓe, don kada hannu ya yi ɓatan kai.

Alamomin kansu abin lura ne. NPC, jam'iyyar da sarakuna suka mara wa baya, ta ɗauki fartanya, kayan aikin talaka, takenta kuwa "Salama". NEPU ta ɗauki tauraro, takenta "Sawaba". Mai fartanya yana cewa a zauna lafiya a ci gaba da noma kamar yadda aka gada. Mai tauraro kuwa yana nuna cewa dare ne ake ciki, ana neman hanyar fita. Duk bambancin aƙidar jam'iyyun biyu yana ƙunshe cikin waɗannan hotuna da kalmomi.

Har ila yau, manna tauraro a ƙofar gida ba ƙaramar kasada ba ce. En'e ce ke ba da izinin yin lacca, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna hannunta, kuma 'yan NEPU da dama sun sha ɗauri da duka. Saboda haka wanda ya manna alamar ya shaida wa mai unguwa da maƙwabta inda ya dosa, ya kuma shirya ɗaukar abin da zai biyo baya. A wannan zaɓe na 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya, ya rasa ta a 1964.

3.0 Zamanin Alama da Fuska

Bayan ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Malam Aminu ya jagoranci kafa PRP a 1978. Alamarta mabuɗi, takenta "Nasara". Babbar abokiyar hamayyarta NPN ta ɗauki gida da masara, takenta "Aminci". A nan ma alamomin suna amsa wa juna: ɗaya ta yi alkawarin muhalli da abinci, ɗayar kuma tana nuni da cewa alherin yana nan amma a kulle yake, sai an buɗe wa talaka.

Abubuwa biyu suka ƙara wa fasta ƙarfi a 1979. Na farko, an koma tsarin shugaba mai cikakken iko, wanda ƙasa duka ke zaɓa kai tsaye, don haka fuskar mutum guda ta hau takarda ta zauna kafaɗa da kafaɗa da alama. Na biyu, matan Arewa sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya karo na farko, abin da Malam ya daɗe yana fafutuka a kai. Hoto yana shiga cikin gida inda mai lacca ba ya shiga.

Siffar da aka san Malam da ita, farar riga marar aiki da jar hula, ita ma magana ce. A garin da ake auna darajar mutum da nauyin aikin rigarsa da girman rawaninsa, fitowa da sutura irin wannan ya wadatar a gane ɓangaren da mutum ya zaɓa.

PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, watau Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa, waɗanda suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga watan Agusta, Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi 25 cikin ɗari a jihohi 12 daga cikin 19, amma a Kano bai wuce kimanin kashi 20 ba. Ƙuri'un mabuɗi a Kano su ne suka haifar da shari'ar nan ta "sha biyu da biyu bisa uku" wadda ta kai har Kotun Ƙoli.

4.0 Zamanin Fuska Kaɗai

Ba a daɗe ba PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare yana cewa shi ne a kan aƙida ta asali. Malam ya rasu ranar 17 ga watan Afrilu 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe. Duk da haka Sabo Bakin Zuwo ya ci gwamnan Kano ƙarƙashin PRP, ya kayar da Rimi wanda ya koma NPP. Wannan shi ne karo na farko da sunan Malam ya ci zaɓe ba ya raye.

Tun daga nan 'yan takara na jam'iyyu daban-daban suka riƙa aron hotonsa ko suturarsa don neman karɓuwa, har ma masu jar hular Kwankwasiyya suna danganta hularsu gare shi. An sa wa filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano sunansa, gidansa na Gwammaja, Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Abin tambaya shi ne: me fuskar take ɗauke da shi a yanzu? Wanda ya manna tauraro ya san yana iya kwana a gidan yari, wanda ya dangwala wa mabuɗi ya san haraji yake so a soke. Hoton da kowa zai iya mannawa ba tare da ya ɗauki wani alkawari ba, ya rage nauyi, ko da ya ƙaru da yawa.

5.0 Kammalawa

Fasta ba a yi ta don ta daɗe ba. Ruwan damina da gara da hannun abokin hamayya su ne ajalinta, wadda ta tsira kuwa sai wadda wani ya ɓoye a adaka ko ya rataye a zaure. Dattawan da suka san ma'anar kowace alama suna ta ƙarewa. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na tarihi su tura ɗalibansu unguwannin birni, su tattaro abin da ya saura, su rubuta shekarar kowace takarda da bayanin mai ita daga bakinsa. Takardar da aka samu bayan mai ita ya kau, rabin labarinta ya riga ya tafi tare da shi.