Sallamar Filashi Kafin Zare Shi: Abin da Allon Kwamfuta Ba Ya Nunawa

A garuruwan Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji da ƙauyukan Falanko, inda intanet ke da tsada kuma ba ko'ina yake kamawa ba, fina-finan Hausa da wa'azi da karatun Alƙur'ani sun fi isa ga jama'a ta katin memori da filashi, wanda mutanen Nijar ke kira kile. Mai shagon cajin waya yakan ajiye kwamfuta a gefe, ya karɓi katin da bai wuce farce ba, ya tura wa mai shi abin da yake so. Ta irin wannan hanya ce waƙoƙin Mdou Moctar, waɗanda ya naɗa a Sakkwato a 2008, suka bazu a yankin Sahel daga waya zuwa waya. Sai dai sau da yawa mutum yakan koma gida ya tarar fim ya ƙi buɗewa, kuma galibi laifin yana ga yadda aka cire katin.

Idan aka soka filashi, kwamfuta takan karanta jadawalin da ke farkonsa, wanda ke nuna inda kowane fayil yake, sannan ta ba shi suna ko harafi ta haɗa shi da sauran ma'ajiyarta. Wannan shi ne ɗaurawa, kuma dabara ce da manhajar Unix ke amfani da ita tun farkon shekarun 1970. Sallama kuwa ita ce umartar kwamfuta ta kammala duk rubutun da ya rage, ta rufe fayiloli, ta saki na'urar. Dalilin wannan umarni shi ne, domin neman sauri, kwamfuta takan tara bayanai a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi kafin ta zuba su a filashi, kamar mai awon hatsi da ke tara gero a tabarma kafin ya ɗura a buhu, wanda in aka ɗauke buhun da wuri sai ya tafi da rabi. Tsarin ajiye fayiloli na FAT32, da ya fito a 1996 kuma ƙananan katuna da yawa ke zuwa da shi, ba ya ajiye rajistar aikin da ke kan hanya, don haka katsewar rubutu a tsakiyar gyaran jadawali kan iya ɓatar da fayiloli masu yawa a lokaci guda.

Masu tsara fuskar kwamfuta sun daɗe suna fama da yadda za su bayyana wannan ga mai amfani. A kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 1984, an saba jan hoton faifai zuwa kwandon shara domin fitar da shi, abin da ya tsorata mutane da yawa saboda a nan ne ake jefa abin da za a goge, har daga baya aka sa kwandon ya riƙa rikiɗa zuwa alamar fitarwa. A manhajar Windows, alamar sallama 'yar mitsitsiya ce a kusa da agogo, sau da yawa a ɓoye bayan wata kibiya, kuma idan ta ƙi sakin na'ura takan ce ana amfani da ita ba tare da faɗin manhajar da ta riƙe ta ba. A Nijar akwai ƙarin shinge, domin saƙonnin suna fitowa da Faransanci, alhali yawancin masu kawo katin Hausa ko Tamashek suke ji.

Kamfanin Microsoft ya sauya mataki a zubin Windows 10 mai lamba 1809 na shekarar 2018, inda ya sa kwamfuta ta daina tara rubutun filashi, ta riƙa zubawa kai tsaye ko da saurin zai ragu. Wannan ya rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba, tun da zare na'ura ana cikin turawa, ko mutuwar batir a shagon da ya dogara da hasken rana, kan jawo ɓarna iri ɗaya. Kuma tsofaffin kwamfutocin gwanjo da aka sauya wa saiti, da masu manhajar Linux ko Macintosh, suna buƙatar sallama har yanzu.

Saboda haka ya kamata mai shago ya jira turawa ta ƙare, ya rufe fayilolin da ya buɗe, ya danna sallama, ya ga saƙon amincewa kafin ya zare. Idan kuma kwamfuta ta nemi a yi wa kati fomat, wato a share shi a sake tsara shi, kada a yi gaggawar yarda kafin a gwada shi a wata na'urar, domin ga mutumin Falanko da hotunan iyalinsa ko takardun makarantarsa ke kan kati ɗaya tak, neman wani kwafi na iya zama tafiya har Tanut ko Damagaram.