Maganin ɗigawa a ido ba a ido kaɗai yake tsayawa ba

Duk mai raba dare a kan TikTok ko wasan gem ya san yadda ido ke wayar gari jajir, kamar an zuba masa yashi. Mutum yakan ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa allon waya ido, ƙiftawar takan ragu da rabi ko fiye, sai idon ya bushe. Da yawa daga nan sai kemis, a sayo maganin ɗigawa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, wannan maganin yana shiga jini.

Ta ina yake shiga?

A gefen ido da ke kusa da hanci akwai 'yar kafa da hawaye ke bi ya sauka cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake majina, shi ya sa kuma ake jin ɗacin maganin ido a maƙogwaro. Ɗigo ɗaya ma ya fi abin da ido zai iya riƙewa, don haka rarar takan bi wannan kafa. Fatar cikin hanci cike take da ƙananan jijiyoyin jini, nan take suke tsotse maganin. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta an rage mata ƙarfi, amma wannan ya tsallake hanta, tamkar manhajar da aka sauke ba ta Play Store ba, babu mai tantance ta.

Waɗanda suka fi buƙatar kula

Timolol, maganin hawan jinin ido, yana iya rage bugun zuciya, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa har numfashi ya gagara.

Phenylephrine, da likita ke buɗa ƙwayar ido da shi kafin dubawa, yana iya ɗaga hawan jini, musamman mai ƙarfin kashi 10 cikin 100.

Brimonidine yana sa yara barci mai nauyi, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba.

Masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone suna kwantar da ja da wuri, amma yawan amfani da su yana jawo hawan jinin ido da yanar ido. A jikin ƙananan yara kuma suna iya taɓa sinadaran da ke daidaita girma.

Masu farar da ido, irin su naphazoline da tetrahydrozoline, matse jijiyoyi kawai suke yi. Da zarar sun saki, jan yakan dawo fiye da da. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa yaro ɗan shekara 5 ko ƙasa da haka da ya haɗiye mililita 1 zuwa 2 na irin waɗannan yana iya suma. Kwalbar da aka ajiye kusa da caza kuwa hannun yaro na kai mata.

Yadda za a rage haɗarin

Ɗigo ɗaya ya isa. Bayan an ɗiga, a rufe ido, a danne gefen da ke kusa da hanci da yatsa na tsawon minti 2, a goge abin da ya zubo. Idan magani biyu ne, a bar minti 5 a tsakaninsu. Mai asma ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su faɗa wa likitan ido tun kafin ya rubuta. Kada a ari na wani, a kuma duba lambar NAFDAC.

Gajiyar allo ita kaɗai ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowane minti 20 a ɗauke ido daga waya, a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, a rage hasken allo da dare. Idan bushewar ta ci gaba, akwai ruwan jiƙa ido marar magani. Ja mai haɗe da zafi ko dishi-dishin gani kuwa na asibiti ne.